Zuwa ga ɗana da zai karanci injiniyan injuna

Ɗana, albishir ya iso mini: ka samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Allah Ya sanya albarka. Shekara 5 ce a gabanka. Sannu ba ta hana zuwa.

Na san abin da ke ranka. Tun kana ƙarami kake kwance janareton gidanku, uwarka tana faɗa. Kana ɗokin riƙe sifana. To, ka shirya, shekarun farko lissafi ne da zane. Daga baya za a koya maka yadda zafi ke juyewa ya zama aiki, yadda ruwa ke gudu cikin bututu, da nauyin da ƙarfe zai ɗauka kafin ya lanƙwashe. Wata rana za ka ce me ya haɗa wannan da inji. Ka daure. Wanda ya yi wasa da lissafin aji ɗaya, a aji uku yake biyan bashin, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kwamfuta. Kada ka ce ai ta 'yan sashen kwamfuta ce. Ka koyi MATLAB da Python tun da wuri, ko da awa ɗaya ne bayan Isha'i. Akwai manhajoji irin su ANSYS da ke yanka hoton ƙarfe ƙanana-ƙanana dubbai, su lissafa wahalar da kowane yanki ke sha, su fitar maka da ja da shuɗi. Gwanin kyau. Amma ɗana, abin da ka ba kwamfuta shi take dafawa. In ka shigar da nauyin da ba shi ba, hoton zai fito da kyawunsa, amsar kuwa ƙarya ce. Don haka ka fara ƙiyastawa da biro a takarda, sannan ka duba ko kun yi daidai.

Na taɓa tsayawa kan wani injin niƙa da sandarsa ta karye. Ba a tsakiya ta karye ba, daidai kusurwar ramin makulli ne, inda wahala ke taruwa. Ashe ƙarfe ma yana gajiya in an daɗe ana juya shi. Tsohon makanikin da ke wurin bai san sunan abin a littafi ba, amma da yatsa ya nuna mini inda tsagar ta faro. Mai injin ya yi kwanaki babu ciniki, matan unguwa kuwa sai surfe da daka a turmi.

A aji huɗu za a tura ku horon aiki, wato SIWES, na wata 6. Kada ka nemi ofis mai sanyi inda za ka riƙa sa hannu kawai. Ka nemi inda baƙin mai zai taɓa rigarka. In ka samu hutu, ka leƙa Panteka a Kaduna, ka gaida masu walda da masu zubi cikin ladabi, ka zauna ka yi tambaya.

Ka riƙe sallarka, ka ci abinci a kan lokaci. In wani darasi ya gagare ka, kada ka ɓoye, ka kira ni.