Daga Kira Zuwa Data: Yadda Kamfanonin Sadarwa Ke Sauya Salon Kasuwanci

Ko ka lura yanzu kamfanin layinka ya fi damunka da tallan data da asusun kuɗi fiye da garaɓasar kira? Darasinmu na yau zai bayyana dalili.

Yadda aka faro

A shekarar 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a Najeriya, inda MTN da Econet, wanda yau ya zama Airtel, kowanne ya biya dala miliyan 285. A lokacin kira da tes su ne kasuwar. Ko daƙiƙa goma ka yi kana magana, kuɗin minti guda za a cire, har sai da Glo ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa. Da WhatsApp da ire-irensa suka zo, sai jama'a suka koma kira da aika saƙo ta intanet. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Sauyi na farko: fasahar sabis

A 2G, idan ka yi kira ana ware maka hanya kai kaɗai har ka gama. A 4G da 5G kuwa komai data ne. Murya da hoto da bidiyo duk ana daddatsa su ƙanana, su bi hanya ɗaya. Kiran da ke bi ta 4G shi ake kira VoLTE. A Disamban 2021 MTN da Mafab suka ci gwanjon 5G kan dala miliyan 273.6 kowanne. MTN ya fara 5G a 2022, Airtel a 2023.

Sauyi na biyu: daga mallaka zuwa haya

Yawancin ƙarafan sabis da kake gani a unguwa ba na kamfanin layinka ba ne. A 2014 MTN ya cimma yarjejeniyar miƙa dubban ƙarafansa ga IHS, Airtel kuma ya sayar wa American Tower nasa, suka koma biyan haya. Ƙarfe ɗaya yakan ɗauki na'urorin kamfani biyu ko uku. Sai dai ƙarafan na shan dizal, kayan aikin kuma da dala ake shigo da su. Faɗuwar naira da tsadar mai na cikin dalilan da suka sa NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Sauyi na uku: harkar kuɗi

Safaricom na Kenya ya nuna hanya da M-Pesa tun 2007. A 2022 MTN ya buɗe bankin MoMo, Airtel ya buɗe SmartCash. Lambar wayarka ta zama asusu, kamfanin kuma ya samu wata ƙofar riba.

Me ya shafe ka?

Kafin ka sayi waya, tabbatar tana da 4G da VoLTE. Kada ka zuba kuɗi a wayar 5G sai ka bincika ko sabis ɗin ya iso garinku. Idan sabis ya yi ƙarfi, YouTube da makamantansa kan ɗaga ingancin bidiyo da kansu, data ta ƙare da wuri, don haka ka shiga saiti ka rage. Sannan tunda layinka ya zama lalita, ka sa masa lambar sirri, kada ka faɗa wa kowa.

Mu haɗu a darasi na gaba.