Darasi na 14: Hadiza ta sayo mangwaro

Lokacin zafi ne, mangwaro ya cika kasuwar Sokode. Inna ta aiki Hadiza daga Zango da dala 40 ta sayo wa ƙannenta.

Wata mai talla ta ce: "Yarinya, ɗauki wannan kashi, dala 10 kawai."

Hadiza ta duba. Mangwaron ya lotse, ga baƙin tabo, ga ƙudaje. Ruɓaɓɓen abu yana kawo gudawa. Ta ce: "A'a, Iya, araha ba ta ado."

Ta wuce gaba, ta zaɓi mai ƙanshi, marar rauni. A gida ta wanke shi da ruwa mai tsabta.

Tambayoyi
1. Don me Hadiza ta ƙi kashin farko?
2. Yaya ake gane mangwaro mai kyau?