Sharhin Baitoci Uku A Kan Tawali'u Da Barin Yanke Wa Bayin Allah Hukunci

Mawaƙi ya ce:

Kada ka dubi bawa da idon raini,
Ba ka san inda zai kwana gobe ba.
Laifin da ya fito fili, hana shi,
Zuciya ba a ba ka mabuɗinta ba.
Tsayuwar dare da tsawon tasbaha,
Ba su rubuta ma takardar tsira ba.

Sharhi:

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah ya datar da mu da kai, cutar da mawaƙi yake nufi ta fi kama mai sahun farko, wanda ba ya fashin wazifa, ba ya barin nafila. Malamai suna kiran ta ujubu, watau mutum ya dubi aikinsa ya ji daɗin kansa. Daga nan sai ya soma auna jama'a da mudunsa. Iblis ne ya fara wannan awo, da ya ga wuta ta fi yumɓu, kamar yadda ya zo a Suratul A'arafi, aya ta 12.

Baiti na biyu shi ne gindin maganar, domin ya raba abubuwa biyu da mutane kan gwama. Abu Dawuda ya ruwaito labarin mutum biyu daga Bani Isra'ila, ɗaya mai yawan ibada, ɗaya mai yawan saɓo. Duk sa'ad da mai ibada ya iske ɗan'uwansa cikin laifi sai ya ce masa ya bari. Wata rana mai saɓo ya ce ya ƙyale shi da Ubangijinsa. Sai mai ibada ya rantse cewa Allah ba zai gafarta masa ba. Da suka mutu, Allah ya shigar da mai saɓo Aljanna da rahamarsa, aka tafi da mai ibada wuta. To, lura da kyau: duk hanin da ya daɗe yana yi ba a kama shi da shi ba, wannan kuwa wajibinsa ne. Rantsuwar nan guda ita ta halaka shi, domin ya sa hannu cikin abin da yake na Allah shi kaɗai.

Haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa sahabbai a Madina. Akwai wani mutum mai suna Abdullahi, ana yi masa laƙabi da Himaru, watau jaki, yakan ba Annabi dariya. An sha kawo shi saboda shan giya. Ran nan aka sake kawo shi, aka yi masa bulala, sai wani cikin jama'a ya tsine masa. Annabi ya hana tsinuwar, ya kuma yi masa shaidar son Allah da Manzonsa. Buhari ya ruwaito shi. Bulala dai ta hau bayansa, ba a rage masa ba. Amma wa cikinmu zai ga mashayi ana dukansa ya yi zaton akwai irin wannan so a ƙirjinsa?

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne fitar da Musulmi daga addini. Usamatu ɗan Zaidu, Allah ya yarda da shi, ya cim ma wani mutum a yaƙi da mutanen Huraƙa na ƙabilar Juhaina. Mutumin ya furta kalmar shahada, Usamatu ya ɗauka tsoron makami ne, ya soke shi. Annabi ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya gani, ya yi ta maimaita faɗa har Usamatu ya yi burin a ce ran nan ne ya musulunta. Wannan fa masoyin Annabi ne, ɗan masoyinsa, kuma zatonsa yana da dalili. Darasin ya zauna masa, har da fitina ta tashi tsakanin Musulmi, aka yi yaƙin Raƙumi da na Siffin a shekara ta 36 da ta 37 bayan Hijira, bai zare takobi ba.

Mu 'yan zawiya nan ne jarrabawarmu. Wani zai kira ka ɗan bidi'a, ko ma mushriki, ya ƙi bin ka salla. Yana da zafi, ba mu musu. Ka ba shi hujja in kana da ita, ko ka kai shi gun wanda ya fi ka sani. Amma in ka juya ka ce shi ba ya son Annabi, ko ba zai cika da imani ba, ka faɗa ramin da kake zargin ya faɗa, masallacin unguwa kuma ya rabu biyu.

Shari'a ma da kanta ta ƙuntata ƙofar zargi. Suratul Hujurati, aya ta 12, ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane. Wanda kuwa ya jefi kamammiyar mace da zina bai kawo shaidu 4 ba, Suratun Nuri, aya ta 4, ta yanke masa bulala 80, kuma ba a karɓar shaidarsa, ko da a ransa ya tabbata idonsa ya gani.