Na Koma Burodin Alkama, Amma Sugan Bai Sauka Ba

TAMBAYA: Shekaruna 52, ina fama da ciwon suga, ina shan metformin safe da yamma. Tun ina saurayi da shayi da burodi nake karyawa. Da aka gano ciwon sai aka ce in bar farin burodi in koma na alkama. Na koma ɗin, amma in na auna jinina bayan karin kumallo sai in ga 230, wata rana har 250. To ina amfanin canjin? Ko burodin ne gaba ɗaya ya fi ƙarfina? Daga mai karatu a Gusau.

AMSA: Malam, Allah Ya ƙara sauƙi. Na ji daɗi da kake auna jininka bayan cin abinci, domin mutane da yawa awon safe kaɗai suke yi kafin su karya, sai yini ya wuce ba su san abin da abinci ya yi musu ba. Ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka tana ba akasarin manya shawarar kada sugan ya kai 180 awa ɗaya zuwa biyu daga lomar farko, wato 10 a na'urar da ke nuna ƙananan lambobi. Kafin cin abinci kuwa, tsakanin 80 da 130. Ka ga 230 ya yi yawa, amma abu ne mai gyaruwa.

Farin burodin nan ma da alkama ake yin sa. Babban bambancin shi ne an cire masa dusa. Idan an niƙe alkama ta yi laushi lilis, ciki ba ya shan wahalar narkar da ita, da dusa ko babu. A 1981 Dakta David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto ta Kanada suka fito da ma'aunin saurin da kowane abinci ke ɗaga suga, inda zallar gulukos ke da maki 100. A wannan ma'auni farin burodi yana wajen 75, na alkama mai dusa yana wajen 74, alhali nau'o'in wake da yawa ko 40 ba su kai ba. Dusar tana da amfani ga hanji, ban ce ka bar ta ba, sai dai ba ita za ta riƙe maka suga ba. Wani burodin ma launi kawai aka zuba masa ya yi duhu. Haka zancen niƙan nan yake ga tuwon alkama, kuma raina yana ɓaci in na ga an cika wa mara lafiya kwano da malmala uku ana ce masa ai magani ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawan abin da ake ci. Yanka ɗaya siriri na burodi yana ɗauke da sitaci wajen giram 15, wanda in ya narke ya kusa ƙaramin cokali huɗu na sukari. Yanzu ka tuna irin ɓarin da mai shayi yake miƙo maka: ya kai yanka biyar ko shida. Sai ka haɗa da kofin da aka zuba wa sukari da Milo ko Bournvita da madara mai zaƙi. Zaƙin da ke cikin ruwa ya fi komai saurin shiga jini, kuma zuma ma ba ta tsira ba. Ina kyautata zaton kaso mai yawa na hawan da ya kai ka 230 ɗin nan daga kofin ya fito.

Ka tsaya a yanka biyu. In ka samu mai nauyi a hannu, wanda ake ganin ɓarzajjen hatsi a cikinsa kuma ba shi da zaƙi, shi ya fi. Kada ka ci shi gaya. Fara da ƙwai, ko alala, ko ƙosai kaɗan, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, sannan burodin ya biyo baya, domin ganye da abinci mai gina jiki suna rage saurin narkewarsa. Shayin kuma ba sukari. Makon farko bakinka zai yi ƙorafi, daga baya zai saba. In ka gama kada ka kishingiɗa: tattaki na minti 10 zuwa 15 yana sa tsoka ta zuƙe sugan daga jini, ko da zagayen unguwa ne.

Jikin kowa da yadda yake karɓar abinci, saboda haka na'urarka ce za ta raba gardama. Auna kafin ka ci, ka sake aunawa bayan awa biyu, ka rubuta lambobin biyu tare da abin da ka ci. In ka tarar tun kafin ka sa komai a baki sugan yana 170, to ba burodi kaɗai ne mai laifi ba, maganin ne yake bukatar a sake duba shi.

Metformin shi kaɗai ba kasafai yake kayar da suga ƙasa da kima ba. Amma duk mai karanta wannan da yake shan glibenclamide ko yake allurar insulin, kada ya rage abinci sai da sanin likitansa, domin sugan na iya faɗuwa ƙasa da 70. Alamunsa rawar jiki, zufa, jiri da yunwa mai tsanani, kuma a wannan lokaci sukarin da muke gudu shi ne magani: ƙaramin cokali uku ko huɗu a ruwa, nan take. In kuma lambar ta haura 300 ga amai da ƙishirwa mai yawa, asibiti za a nufa a ranar.

Kai kuma, Malam, bayan mako biyu ka ɗauki littafin awonka ka kai wa likitanka, ka nemi a yi maka gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku. Ga akasarin manya ana so ya kasance ƙasa da kashi 7 cikin 100. Kada ka ƙara wa kanka ƙwaya ko ka rage kafin ku gana.