Akori-kura da Ruwan Damina: Abin da Ɗan Kasuwar Potiskum Zai Duba Kafin Ya Ƙirga Kuɗi

Garin Potiskum a Jihar Yobe gari ne na mota. Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa shi, wata hanyar ta fita kudu ta Fika zuwa Gombe, wata kuma ta yi arewa ta Nangere da Jakusko zuwa Gashuwa. Kasuwar shanunsa da ke ci ranar Laraba tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ga kuma cinikin hatsi da wake da riɗi. Manyan motoci ne suka yi wa garin suna, amma kayan da tirela ke ɗauka zuwa kudu sai da wata ƙaramar mota ta fara kwaso su daga kasuwannin ƙauye irin su Dawasa da Gadaka da Ngalda da Ngelzarma. Wannan ƙaramar mota ita ce akori-kura, kuma a kanta ne jarin matsakaicin ɗan kasuwa na unguwa kamar Dogo Tebo yakan rataya.

Da rani kusan kowace akori-kura tana aiki. Daga watan Yuni zuwa Satumba ne, musamman cikin Agusta, ake gane wadda aka saya da lura da wadda aka saya don fenti. Abin da ya faru a daminar 2024, lokacin da ambaliya ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, sa'annan madatsar Alau ta ɓalle ta shafe Maiduguri cikin watan Satumba, ya isa ya tuna wa masu sufuri cewa ƙarancin ruwan sama a shekara bai hana shi sauka da yawa a yini guda.

Abu na farko da mai saye zai tsayar shi ne irin hanyar da motar za ta riƙa bi, domin jiƙaƙƙiyar hanya iri uku ce, kuma kowace da abin da take bukata. Akwai kwalta mai ruwa a samanta, inda haɗarin shi ne santsi da gudu. Akwai hanyar ƙasa, ta marmara ko ta laka, inda haɗarin shi ne kafewa. Akwai kuma kwari da kududdufi da mashigar rafi, inda injin kansa ne ke cikin haɗari. Ɗan kasuwar da aikinsa bai wuce ɗaukar siminti da kwanon rufi a cikin gari ba, ko kai kaya Damaturu a kan kwalta, zai yi asarar kuɗi in ya sayi motar da aka ƙera don mai shiga ƙauyukan Fika a tsakiyar damina. Yashi kuwa, wanda ya yawaita a arewacin jihar, yakan ma ƙara tauri in ya sha ruwa, har ya fi sauƙin bi a kan yadda yake da rani.

A kan kwalta, akori-kura tana da wani aibu da ƙaramar motar gida ba ta da shi. Inji da direba duk suna gaba, ƙafafun baya ne ke tura motar, kuma idan babu lodi bayanta ba shi da nauyi. Saboda haka motar da ta sauke kaya tana komawa gida fayau ita ta fi saurin juya baya a kwana idan an taka totur ko birki da ƙarfi. Tsofaffin direbobi sun daɗe da sanin maganin wannan: buhu biyu ko uku na yashi a daidai saman ƙafafun baya, a ɗaure su kada su riƙa yawo. Motocin zamani sun ƙara da na'urori biyu da ya kamata mai saye ya tambaya. Ɗaya ita ce ABS, wadda ke hana taya ƙamewa idan an danne birki, don direba ya ci gaba da iya murza sitiyari. Ta biyun ita ce na'urar daidaita mota, da ake rubutawa ESC ko VSC, wadda ke kama birkin taya ɗaya ita kaɗai da zarar motar ta fara zamewa. Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan sababbin motoci tun daga Nuwamba 2014, amma yawancin akori-kurar da aka ƙera don kasuwannin Afirka kafin wannan lokaci, har da wasu na bayansa masu araha, ba su da ita. Hanyar dubawa mai sauƙi ce. Idan aka murza makulli, fitilun waɗannan na'urori za su kama a gaban direba na ɗan lokaci sa'annan su mutu. Fitilar da ba ta kama ba sam abin zargi ce, domin akwai dillalan da ke cire ƙwanta don ɓoye lalacewa.

Duk da haka, babu na'urar da ke aiki sai ta hannun taya, kuma a nan ne 'yan kasuwa da yawa ke yin rowar da ke cin su. Zanen da ke jikin taya magudanar ruwa ce. Idan ya cinye, ruwa yakan shiga tsakanin taya da kwalta, motar ta hau kansa tana tafiya ba sitiyari ba birki, kuma wannan yana iya faruwa tun a gudun kilomita 80 a awa idan ruwan ya taru. A ƙasashen Turai doka ta hana tuƙi da tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba, masana kuma sukan ba da shawarar a sauya ta tun tana milimita 3 idan ana yawan tafiya cikin ruwa. Shekarun taya ma a rubuce suke a gefenta, lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da aka rubuta wa 2319, alal misali, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tayoyin gwanjo da suka tsufa, domin roba na bushewa ko da zanenta yana nan. Game da iri kuwa, taya mai manyan haƙora ta taɓo tana burge ido kuma tana aiki a laka, sai dai riƙonta a jiƙaƙƙiyar kwalta bai kai na taya mai matsakaicin zane ba, wadda ake sa wa alamar A/T. Ga wanda yawancin tafiyarsa a kan kwalta ce kuma sai jefi-jefi yake sauka, ta biyun ta fi dacewa. Ya kamata kuɗin sababbin tayoyi ya shiga lissafin farashin motar tun a wurin ciniki.

Batun fowil, wato giyar da ke sa ƙafafu huɗu su ja tare, shi ne inda aka fi samun rashin fahimta. A galibin akori-kura, har da Toyota Hilux da Nissan Hardbody da Isuzu D-Max, wannan giya tana ƙulle gaba da baya su juya daidai wa daida. A cikin taɓo wannan alheri ne. A kan kwalta kuwa, ko da jiƙaƙƙiya ce, ƙafafun gaba suna bukatar su fi na baya tafiya a kwana, kuma idan aka hana su sai ƙarfen ya riƙa murɗewa har ya ci giya ko farfela. Wasu nau'o'in Mitsubishi L200 suna da tsarin Super Select wanda ya yarda a bi kwalta da ƙafafu huɗu, kuma wannan fifiko ne na gaske ga mai yawan tafiya cikin ruwan sama. A kowane hali fowil yana taimaka wa mota ta tashi ne kawai, ba ya rage nisan da take ci kafin ta tsaya, wanda a kan jiƙaƙƙiyar hanya yakan ninka na busasshiya. Ga shi kuma yana ƙara farashi da nauyi da shan mai, abin da ya zama babban lissafi tun bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Mai saye na hannu ya nemi a sa giyar a gabansa a kan ƙasa, babba da ƙarama, domin motoci da yawa da ke ɗauke da rubutun 4x4 an riga an cire musu farfelar gaba.

Ruwa mai zurfi shi ne ke cinye jari gaba ɗaya. Inji yana shaƙar iska ne ya matse ta, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Idan ya bi ta bututun iska ya shiga, ko da cikin kofi ne, ƙarafan da ke riƙe da fistin sukan lanƙwashe nan take, musamman a injin gas da matsinsa ya fi na fetur ƙarfi. Kamfanoni sukan faɗi zurfin da motarsu ke iya ratsawa: Hilux da aka fara fitarwa a 2015 milimita 700, Ford Ranger na 2011 zuwa sama milimita 800. Wannan awo na ruwa ne mai kwanciya, a tafiyar hawainiya, da mota sabuwa. Ruwa mai gudu wani abu ne dabam. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa kimanin santimita 60 na ruwa mai gudu ya isa ya tafi da akori-kura, kuma direba ba ya ganin ko kwalbatin da ke ƙarƙashi yana nan ko ya tafi. Abin dubawa a wurin saye shi ne inda bakin bututun iskar yake. Wanda ke can sama cikin fuka-fukin mota ya fi wanda ke ƙasa bayan bamba. Dogon bututun da ake ɗaurawa a gefen gilas yana taimakawa idan an liƙe mahaɗansa da kyau, amma ba ya kare wayoyi da ƙwaƙwalwar mota, ba ya kuma hana ruwa shiga aksil ta ƙofar numfashinsa. Man aksil da ya koma kalar madara alama ce ta cewa ruwa ya shiga, sai a juye shi kafin ya ci haƙora.

Wannan ya kawo batun motocin da suka riga suka sha ruwa tun kafin su iso. Bayan kowace babbar guguwa a Amurka, kamar Katrina a 2005 da Harvey a 2017, kamfanonin inshora sukan yi gwanjon ɗimbin motocin da suka nutse, wasunsu kuma suna ƙarewa a tashoshin Legas da Kwatano. A ido ba su da laifi. Sai bayan watanni wayoyinsu ke fara tsatsa, motar ta riƙa mutuwa ba dalili. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina, a jawo bel ɗin kujera har ƙarshe a duba tabon ruwa, a leƙa ƙarƙashin kujeru da akwatin fis a nemi busasshiyar laka. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana ba da damar a binciki tarihin motar Amurka ta intanet da kuɗi kaɗan. Gargaɗin ya shafi motocin cikin gida ma, tun da ambaliyar 2022 da ta 2024 sun nutsar da ababen hawa masu yawa.

Game da sunayen motoci, kasuwa ta riga ta yi nata hukuncin. Fijo 504 akori-kura, wadda kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya daɗe yana harhaɗawa, ita ta riƙe hanyoyin karkara shekaru da dama, kuma duk bakaniken da ke bakin tasha ya san cikinta. An daina ƙera ta, waɗanda suka rage sun tsufa, kuma ɗan ruwa a kan wayoyin fulogi ya isa ya kashe ta a tsakiyar kududdufi. Hilux ce ta gaje ta, musamman mai injin fetur 2.7 da tsohon injin gas 5L, don kayan gyaranta ba sa wuya daga Potiskum har Ƙofar Ruwa a Kano, kuma ba ta faɗuwa sosai a wajen sayarwa. Tsadarta ce matsalar. Sauran, wato L200 da D-Max da Ranger da kuma na Innoson da ake haɗawa a Nnewi, sukan zo da sauƙin farashi, kuma kafin a ɗauki ɗaya yana da kyau a zaga wurin masu sayar da kayan gyara a tambayi abu uku ko huɗu da suka fi lalacewa, a ji ko akwai su a gari ko sai an aika. Motar da ta kwana goma tana jiran ƙarfe daga Legas a lokacin kaka ta ci ribar da aka samu a kan farashinta. Sababbin injinan gas masu famfon zamani kuwa ba sa jure man da ruwa ya shiga, abin da ke yawaita da damina ga masu sayen mai a jarka, don haka a tabbata matatar da ke raba ruwa da mai tana aiki.

Ƙananan motocin Japan irin su Daihatsu Hijet da Suzuki Carry, da suka cika kasuwannin Arewa, suna da nasu gurbi. Ba sa shan mai, suna shiga lungu, wasunsu ma suna da fowil. Amma nauyin da aka ƙayyade musu a ƙasarsu kilo 350 ne, tayoyinsu ƙanana ne, injinsu kuma a ƙarƙashin kujera yake, kusa da ƙasa da ruwa. Da yawansu an juya musu sitiyari ne daga dama zuwa hagu, tun da Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama a 1972, kuma ingancin wannan juyi ya danganta ga wanda ya yi shi.

Lodi ma yana da nasa lissafi. Akori-kura mai gida ɗaya takan ɗauki kimanin tan guda, wato buhu goma masu kilo ɗari-ɗari, kuma direba da yaron mota da ƙarfen da aka ƙara a baya duk a cikin wannan tan suke. Mai gida biyu ba ta kai haka ba, ga akwatinta gajere, ta yadda nauyi kan zauna a bayan aksil ya ɗaga gaba, sitiyari ya yi sako-sako a kan ruwa. Ƙarin sifirin da maƙera ke yi yana hana mota durƙushewa, amma birkin yana nan yadda kamfani ya yi shi, kuma birkin baya na mafi yawan waɗannan motoci irin na ganga ne, wanda kan daina kamawa na ɗan lokaci bayan an fito daga ruwa har sai an taka shi a hankali ya bushe.

Saura inshora. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta motar gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000, ta motocin kaya kuma ta fi haka. Wannan takarda tana biyan ɓarnar da motar ta yi wa wani ne kawai. Idan ruwa ya ci motar ko buhunan da ke cikinta, ba ruwan kamfani. Mai son kariya daga ambaliya sai ya nemi cikakkiyar inshora, ko takaful ga wanda ya fi natsuwa da ita, ya kuma sa a nuna masa a rubuce cewa ambaliya da shigar ruwa cikin inji suna cikin abin da za a biya, sa'annan ya tambayi ta kayan da ke kan hanya, domin ita takarda ce dabam da kuɗinta dabam.