Haihuwa ta Tiyata: Abin da Mai Jego ke Fuskanta da Kulawar da Take Bukata

Darasinmu na wannan fitowar ga mutanen zango mazauna Riyad a kan haihuwa ta tiyata ne, wadda wasu ke ce wa aiki, wasu ofireshan, a asibitocin nan kuma za ku ji ana cewa ƙaisariyya. Kusan babu gidan da ba shi da 'ya ko suruka ko maƙwabciya da aka yi wa, amma har yau idan aka ce "an yi wa wance aiki" sai ka ga an rage murya, kamar wani abin kunya ne ya auku. Wata ma sai ta ɓoye wa dangi na gida, a bari sai bayan suna a faɗa musu.

Wannan ɗari-ɗarin yana da tushe. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 sun nuna cewa kashi 21 cikin 100 na haihuwa a duniya ta tiyata ake yi, amma a Afirka kudu da Sahara kashi 5 ne kacal. A Nijeriya binciken lafiya na 2018 ya samu kusan kashi 3. Ma'anar wannan ita ce a ƙasashenmu ba a cika kai mace ɗakin tiyata ba sai ta galabaita, ta kwana biyu ko uku a kan gwiwa, jini ya ƙare, ɗa ya gaji. Idan aka rasa ta sai a ce aikin ne ya kashe ta, alhali jinkirin ne ya riga ya yi ɓarnar. Ga kuma ƙarancin jini a ajiye da ƙarancin masu ba da allurar barci. Wani babban bincike da aka buga a 2019 ya gano cewa mutuwar iyaye bayan tiyatar haihuwa a asibitocin Afirka ta ninka ta ƙasashe masu arziki kusan sau 50. Saboda haka tsohuwar da ta fashe da kuka don an ce za a yi wa jikarta aiki, abin da idonta ya gani take tunawa. Sai dai a tuna mata ɗaya ɓangaren: matan da ke jinyar yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina da asibitin Murtala na Kano, mafi yawansu doguwar naƙuda ce ta kai su can, kuma da an yi musu aiki a kan lokaci da ba su shiga wannan hali ba. Shi ya sa Nijar ta mayar da aikin kyauta tun tsakiyar shekarun 2000, Ghana ta sa shi cikin haihuwa kyauta ta inshorar ƙasa a 2008, Nijeriya kuma ta sanar da yin sa kyauta ga mata marasa hali a Nuwamba 2024.

Dalilan da ke sa likita ya ce a yi aiki sanannu ne. Ko naƙuda ta tsaya, ko kan ɗa ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko ɗan ya kwanta a gicciye ko ya zo da ƙafa, ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa ko ta ɓalle kafin lokaci, ko bugun zuciyar ɗan ya fara sauka, ko hawan jini ya yi tsanani har ana tsoron jijjiga. Ciwon suga, wanda ya yi yawa a ƙasar nan kuma bai bar mu ba, yakan sa ɗa ya yi girman da fitarsa za ta yi wuya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da jarumtar mace ke kawarwa. Wadda ƙugunta bai buɗe ba, ko ta fi kowa dauriya, ba zai buɗe ba.

Wa ke sa hannu?

A nan ake yawan ɓata lokaci. Likita ya ce a shiga da ita yanzu, sai a ce a jira maigida ya taso daga wurin aiki, shi kuma ya ce sai ya kira Hajiya a Kumasi ko Kano. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yanke tun a shekarar 1413 ta Hijira cewa idan likitoci amintattu suka tabbatar tiyatar haihuwa ta zama dole, maganar matar ce abin dogaro muddin baliga ce mai hankali, ba a sharɗanta yardar miji ko waliyyi ba. Shawara da maigida abu ne mai kyau, amma lokacinta shi ne watannin awo, a zauna a tattauna tun ciki na wata 7 ko 8. Haka ma batun kuɗi: wanda ke da inshora ta wurin aikinsa ya bincika tun da wuri wane asibiti ne takardarsa ta ƙunsa, kuma ko sunan iyalinsa na ciki. Wanda takardunsa ba su cika ba, ko yake tsoron lissafin asibiti, ya sanar da shugabannin ƙungiya tun ciki bai tsufa ba. Bashi ana haɗa hannu a biya. Zaman gida da naƙuda ta kwana biyu don gudun kuɗi shi ne abin da ba mu so mu sake ji.

A ɗakin tiyata

Yawancin mata ba a sa su barci. Allura ake yi a gadon baya, daga ƙirji zuwa ƙafa ya mutu, amma tana ji tana gani, an dai sa labule tsakaninta da wurin aikin. Abin da iyaye mata suka fi ba da labari shi ne ba su ji zafi ba, sai dai jan ciki da dannawa, kamar ana laluben wani abu a cikin jaka. Wasu jikinsu ya yi ta karkarwa, wasu tashin zuciya, wasu ƙaiƙayi bayan an fito. Duk waɗannan an saba gani, a faɗa wa mai allurar, akwai maganinsu. Yankan a kwance ake yi a ƙasan mara, tsawonsa santimita 10 zuwa 20. Ɗa kan fito cikin mintuna 10 na farko, sauran lokacin na ɗinki ne, gaba ɗaya mintuna 40 zuwa 50. Idan uwa da ɗa suna lafiya, ta roƙi a ɗora mata shi a ƙirji ta fara ba shi nono. Ruwan nonon farko mai rawaya, wanda a da ake matsewa a zubar, shi ne rigakafin farko na jariri, kada a zubar da ko ɗigo.

Ranar da ta fi wuya a bakin mata da yawa ita ce washegari, lokacin da aka cire robar fitsari ma'aikaciyar jinya ta ce a tashi a taka. Mace kan ji kamar cikinta zai zube ƙasa. Ba mugunta ba ce. Kwanciya wuri ɗaya na sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan kuma ya iya tafiya huhu ya kashe mutum farat ɗaya. Takawa ce ke hana wannan, ita ce kuma ke sa hanji ya motsa, iskar da ke kumbura ciki ta fita. Wadda aka ba allurar tsinka jini ta tafi da ita gida, ta ƙarasa ta duka ko da ta ji ta warware. Zaman asibiti yawanci kwana 2 zuwa 4 ne.

Bayan an dawo gida

Warkewa na ɗaukar kamar mako 6, wanda ya zo daidai da arba'in ɗinmu, sai dai wasu sukan wuce haka, musamman wadda ta sha doguwar naƙuda kafin aikin ko ta zubar da jini da yawa. A wannan lokacin kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi. Tulun gas, jarkar ruwa, babban yaro mai neman a ɗauke shi, guga da wankin bargo, duk a ɗauke mata. Idan za ta yi tari ko atishawa ko dariya, ta danna matashi a kan ɗinkin. Idan za ta tashi daga gado, ta fara juyawa gefe, ta sauke ƙafafu, sannan ta dafa da hannu. Farasitamol da ibuprofen ba sa cutar da mai shayarwa idan likita bai hana ta ba, kuma gara ta sha a kan lokaci da ta bari sai zafi ya tsananta. Mai codeine a ciki kuwa kada ta sha. Ta yawaita ruwa da ganye da kayan marmari saboda maƙarƙashiya, domin yunƙuri a bayan gida azaba ce ga mai ɗinki. Zafin Riyad da busasshiyar iskar na'urar sanyaya ɗaki na ƙafar da jiki ba tare da mutum ya sani ba, balle mai shayarwa.

Yanzu ga batun da na san iyayenmu mata na jira, wato wankan jego. Ina roƙon a yi mini uzuri, ba raina abin da aka gada nake yi ba. Al'adar killace mai jego kwana arba'in, a dafa mata, a raine mata yara, a hana ta aiki, babu likitan da zai ƙi ta. Amma ruwa mai tafasa da ake tsoma ganye a ciki a riƙa fyaɗa wa ciki, da gasa mara da tsumma, da ɗaure ciki tam da zane, ba su dace da wadda aka yi wa aiki ba. Fatar da ke gefen ɗinki takan mutu na makonni ko watanni, tana iya ƙonewa ba ta ji ba, danshi da zafi kuma suna buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Ruwa mai ɗumi da sabulu mara ƙamshi sun isa, a bar ruwan ya gangara, a tsane wurin da tawul mai tsabta, a bar shi a bushe. Mai teɓa ta riƙa ɗaga fatar cikin don iska ta shiga. Kada a shafa man kaɗanya ko zuma ko habbatus sauda ko wani ƙulli sai ɗinki ya haɗe sarai.

Kunun kanwa kuwa, har wadda ta haihu da kanta ya kamata ta yi hattara da shi. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a Zariya da kewaye, suka danganta shi da yawan shan kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciya ta gaji. Wadda hawan jini ne ya kai ta ga tiyata, ba ta kanwa ganganci ne. A dama mata kunun gyaɗa ko koko, a yi mata farfesu marar gishiri da yawa, da hanta da ƙwai da zogale don jini ya dawo.

Akwai alamomin da ba a jiran gari ya waye. Zazzaɓi da ya kai digiri 38, ɗinki ya yi ja ko ya kumbura ko yana fitar da ruwa ko mugunya, jini mai wari, ko jinin da ke jiƙa audugar mata cikin awa ɗaya, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, duk asibiti ake nufa a take. Numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, suma ko jijjiga kuwa, a kira motar ɗaukar marasa lafiya a 997. Don neman shawarar likita ta waya akwai layin Ma'aikatar Lafiya, 937, dare da rana. A lura, jijjiga na iya zuwa kwanaki bayan haihuwa, kada a tsaya ana hayaƙi da tofi a ce iska ce.

Abin da ya fi damuna game da mu na nan shi ne kaɗaici. A Nima ko Sabon Zango ko Fagge, mai jego na da uwa da gwaggo da maƙwabta, ƙofa a buɗe. A nan maigida ya fita tun asuba, ita kaɗai a ɗaki a hawa na uku da jariri da ɗinki, wani lokaci da yara biyu ƙanana. Ranar suna gida ya cika, ta sha kwalliya ta yi ta tashi da zama tana gaisawa, kwana 7 kacal bayan an buɗe mata ciki, washegari kowa ya watse. Da za a raba wannan zuwan, mutum biyu yau, biyu gobe, har mako 3, kowa ya zo da kwanon abinci ya tafi da wanki, da ya fi taron yini ɗaya amfani. Kuma a kiyaye harshe. Kalmomi irin su "ragguwa ce" ko "'yan zamani ba sa son wahala" suna zama a zuciyar mace shekaru. Kuka da ƙunci a makon farko abu ne da ya zama ruwan dare. Amma idan ya wuce mako 2, ba ta barci ko da jariri ya yi barci, ba ta sha'awar ɗanta, ko tana maganar gara ta mutu, wannan ciwo ne mai magani, a kai ta ga likita.

Ta fuskar ibada, jinin da ke zuwa bayan tiyata jinin biki ne kamar na kowace haihuwa. Za ku ji malaman nan suna cewa iyakarsa kwana 40, bisa mazhabar Hambaliyya, mu kuma a Malikiyya mun karanta 60. Idan ya ɗauke kafin nan, ta yi wanka ta kama salla, a zaune in ruku'u da sujada na ja mata ɗinki. Masu ɗokin kai mai jego Umra su dakata sai likita ya duba ta a mako na 6, domin tafiyar ta haura kilomita 800, kuma doguwar zama a mota na ƙara haɗarin daskarewar jini.

Ba gaskiya ba ne cewa wadda aka yi wa aiki sau ɗaya ba za ta ƙara haihuwa da kanta ba. Cikin mata 4 da suka gwada naƙuda bayan aiki ɗaya, kusan 3 na haihuwa lafiya. Amma akwai haɗarin tsohon ɗinkin mahaifa ya yage, kamar mace 1 cikin 200, don haka a asibiti mai ɗakin tiyata da jini a ajiye kawai ake gwadawa, ba a gida ba, kuma ba a shan komai don taso da naƙuda. Ana so a bar aƙalla wata 18 tsakanin haihuwa da haihuwa don mahaifa ta yi ƙwari. Kowane ƙarin aiki kuma na ƙara yiwuwar mabiyiya ta manne da tsohon tabo a ciki na gaba, abin da kan jawo zubar jini mai yawa har a cire mahaifa. Wadda aka yi wa sau 2 ko 3, ita da maigidanta su zauna da likita su ji gaskiyar halin da mahaifarta ke ciki.

Kafin a bar asibiti, a karɓi takardar rahoton aikin, wadda ke nuna dalilin da ya sa aka yi shi da irin yankan da aka yi wa mahaifar kanta, domin tabon da ake gani a fata ba ya nuna na ciki. A nemi a rubuta ta da Turanci, a ɗauki hotonta a waya, a ajiye ta tare da fasfo. Ranar da aka koma gida, likitan Komfo Anokye ko na Aminu Kano da ita zai duba ya san ko za a bar mace ta gwada naƙuda ko a sa mata ranar aiki.