Annoba Ba Ta Jiran A Gina Asibiti

Jama'ar Lokuwa da sauran unguwannin Mubi, ku tuna watan Mayun 2018. Ba a gama zaman makokin waɗanda bam ya kashe ranar 1 ga wata ba, sai amai da gudawa ya ɓarke a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, daga baya ya tsallaka Maiha da Hong. A lokacin ba a cika shekara huɗu ba da mamayar Boko Haram ta 2014, wadda ta watsa ma'aikatan lafiya kamar yadda ta watsa kowa. Kwalarar nan kuwa ba ta Mubi kaɗai ba ce. Annoba ce ta duniya da ta taso daga Indunusiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970, har yau ba ta tafi ba.

To, me aka yi? An keɓe wuri a Babban Asibitin Mubi domin masu cutar kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu ƙungiyoyi suka kama wa gwamnatin jiha, aka bi gida-gida ana neman marasa lafiya, ana zuba kulorin a ruwan sha, daga bisani aka kawo maganin rigakafi na sha. Ku lura, yawancin aikin a cikin unguwa aka yi shi, ba a kan gadon asibiti ba. Inda gado da likita suka yi ƙaranci, dabara ita ce a rage yawan waɗanda za su kai ga bukatar gadon.

Kwalara ba ta kisa da komai sai da tsotse ruwan jiki, kuma tana iya gamawa da ƙato cikin sa'o'i. Maganinta na farko yana cikin kowane gida: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In akwai ƙunshin da ake sayarwa a kemis, ya fi. A riƙa ba mara lafiya yana kurɓa, ko da yana amai, ana kan hanyar asibiti ana ba shi. Mutanenmu kan raina wannan haɗi, wai ai ruwa ne kawai, sai an rataya wa mutum ƙarin ruwa sannan hankali ya kwanta. Wannan kuskure ne mai tsada. Mafi yawan masu cutar ruwan gishiri da sukari ya ishe su, kowace ledar ƙarin ruwa da aka ɓatar a kan mai iya sha kuwa, an hana ta wanda ya riga ya sheme. A 1971, a wani sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladash da ke Indiya, ƙarin ruwa ya ƙare wa Dakta Dilip Mahalanabis, wanda ke jinyar masu kwalara a wurin. Ya sa dangin marasa lafiya su riƙa shayar da su wannan haɗi, mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Abu na biyu shi ne kai labari da wuri. Da Ebola ta shigo Legas a watan Yulin 2014, Nijeriya ba ta tsaya gina sabon abu ba. Da tsohuwar zuma aka yi magani: aka ɗauko ƙwararrun yaƙi da shan-inna, waɗanda suka saba bin lungu, suka bibiyi duk wanda ya cuɗanya da mai cutar. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, a watan Oktoba aka tabbatar ta ƙare. Masu ɗiga wa yaranku rigakafi, waɗanda wasu ke rufe wa ƙofa, irin rundunar ke nan. 

Saboda haka, in aka ga babban mutum yana zawo tsararo, fari kamar ruwan wankin shinkafa, kada a ɓoye don kunya. A gaya wa mai unguwa ko ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, shi zai isar wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. 'Yan garuwa su yarda a sa musu kulorin a jarkokinsu, maigida kuma ya tambayi inda aka ɗebo ruwan da ya saya. In Allah ya yi wa mara lafiyar rasuwa, gawar tana ɗauke da cutar. Mutane kaɗan su yi wankan tare da ma'aikatan lafiya, a zubar da ruwan nesa da rijiya, kuma wanda ya taɓa gawar kada ya sa hannu a abincin 'yan ta'aziyya.